Hanyar Jibiya da Hisabin Litar Fetur

  

Da yawa daga cikin matasanmu idan suka ji ana maganar kare muhalli sai su ɗauke ta a matsayin hirar Turawa, waɗanda suka ci suka ƙoshi. Ni kuwa ina ganin mas'ala ce ta addini, domin ta ƙunshi abubuwa biyu da Shari'a ta yi hani a kansu, wato almubazzaranci da cutarwa. Kuma ban san wurin da wannan ya fi fitowa fili ba kamar Magamar Jibiya, ƙofar da ake bi daga Katsina zuwa Ɗan Isa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar.

Shekaru da dama man fetur ya fi araha a Najeriya fiye da Nijar saboda tallafin gwamnati. Wannan rata ta haifar da sana'a guda: jarkoki a bayan babura, tsofaffin motoci da aka faɗaɗa wa tanki, gidajen mai da suka yi wa garuruwan bakin iyaka yawa. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamban shekarar kuma aka hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ba a sake buɗe Jibiya ba sai Afrilun 2022, sannan ta ƙara rufuwa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. A tsakanin haka, ranar 29 ga Mayun 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000.

An sha wahala, kuma talaka ne ya fi ɗanɗanawa, wannan ba abin musu ba ne. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, arahar nan ta koya mana mugun hali. Saurayi mai ƙarfi a jika zai tayar da babur don zuwa masallacin da yake jin kiran sallarsa daga ɗakinsa, alhali ya inganta daga Manzon Allah (SAW) cewa kowane taku zuwa masallaci yana ɗaga daraja yana kankare zunubi. Maigida shi kaɗai a cikin mota mai cin mutum biyar, maƙwabcinsa ma haka, kuma ma'aikata ɗaya za su. Keken da kakanninmu suka yi alfahari da shi, har ana yi masa ado, yau ya koma alamar karayar arziki. Allah Ya hana almubazzaranci a Suratul A'araf, kuma a Suratul Isra'i Ya danganta masu yin sa da shaiɗanu. Mun iya kawo waɗannan ayoyi a kan abincin biki, to me ya cire fetur daga cikinsu?

Sai ɓangaren cutarwa. Kowace lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, wadda ke ƙara wa duniya zafi. Gaskiya ne cewa kason Najeriya a cikin abin da duniya ke fitarwa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, manyan masu laifin suna Amurka da Turai da Sin. Sai dai hayaƙin tirelar da ke tsaye a layin bincike inji na aiki, ba ya tafiya Turai. Cikin ƙirjin yarinya mai tallar gyaɗa yake shiga, da na direban kansa. Annabi (SAW) ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, kuma ya ambaci kame cuta cikin haƙƙoƙin hanya. Idan ƙaya a kan hanya cuta ce, ina ga baƙin hayaƙi?

Mutanen Jibiya kuwa ba sa buƙatar a ba su labarin sauyin yanayi. A watan Yulin 2018 ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauka cikin dare, ambaliya ta ci rayuka sama da 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ƙaddara ce, mun yi imani da ita, amma masana sun lura cewa irin wannan ruwa mai sauka da ƙarfi lokaci guda ya ƙaru a yankin Sahel tun daga shekarun 1980, kuma Suratur Rum ta riga ta gaya mana cewa ɓarna a tudu da teku tana da alaƙa da abin da hannayen mutane suka aikata.

Wannan ne ya sa nake goyon bayan layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, aka ba kamfanin Mota-Engil aikinsa. Tsawonsa kimanin kilomita 284 ne, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Masu suka sun ce an ci bashi don a yi wa Nijar hidima, sun manta cewa ɗan guntun da ke cikin Nijar kaɗan ne, kuma Katsina da Maraɗi gida ɗaya ne tun kafin Bature ya ja layi, domin sarakunan Katsina na dā ne suka kafa Maraɗi bayan jihadi. Jirgin ƙasa ɗaya yana ɗaukar kayan tireloli masu yawa, da mai kaɗan a kan kowane buhu, ga raguwar haɗari da lalacewar kwalta.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Jirgi tasha yake kai mutum, ba ƙofar gida ba. Idan aka sauke ɗaruruwan fasinjoji a Katsina ko Jibiya, kowa ya nemi ɗan acaɓansa, to mun kwashe hayaƙin ne daga babbar hanya mun zuba a cikin gari. Dole hukumomi su yi tanadin motocin bas masu lokaci da farashi sananne daga tasha zuwa kasuwa da unguwanni, da gefen titi na masu tafiya a ƙasa da masu keke, da itatuwan inuwa a kansa, domin babu mai taka ƙafa a zafin Afrilu ba tare da inuwa ba. A nan ma darasin yana tsallaken iyaka: tun shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka koma rainon kututturan gawo da sauran itatuwan da ke tohowa da kansu a gonaki, har suka farfaɗo da miliyoyin kadada ba tare da jiran dashen gwamnati ba.

Na san matsalar tsaron da ta addabi yankin Jibiya ba za ta bari a ce wa mutumin ƙauye ya hau keke ya ratsa daji ba, kuma mai jinya ko tsoho uzurinsa a bayyane yake. Da kai nake, ɗan uwa matashi mazaunin gari, wanda makarantarsa ko shagonsa bai wuce tafiyar minti 20 ba. Ƙungiyoyinmu na ɗalibai Musulmi da kwamitocin masallatai suna iya tsara yadda masu hanya ɗaya za su riƙa haɗuwa a mota ɗaya, su kuma ware wa kekuna wurin ajiya mai tsaro a ƙofar masallacin Juma'a, kamar yadda ake ware wa motocin manya.