Tsoho Mai Ciwo Da Kuɗin Inshorar Tafiya

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in ɗan yi magana a kan wani abu da yake damun tsofaffinmu idan tafiya ƙasar waje ta kama su, watau kuɗin inshorar tafiya. Inshorar tafiya ita ce kuɗin da matafiyi zai biya wani kamfani kafin ya tashi, da sharaɗin in ciwo ya kama shi a can, kamfanin ne zai biya kuɗin asibiti, ko kuɗin dawo da shi gida. Waɗansu ƙasashe ma ba sa ba da biza sai da ita. Wanda zai je Faransa ko Jamus ko Italiya da bizar Schengen, tilas ne ya nuna takardar inshora da za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000.

To, ga inda gizo yake saƙa. Saurayi da dattijo za su shiga jirgi ɗaya, su sauka gari ɗaya, su yi kwanaki daidai, amma kuɗin inshorarsu ba ɗaya ba ne. Da zarar mutum ya manyanta sai kuɗin ya hau. In kuwa ya faɗa cewa yana da hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon zuciya, sai ya ƙara hawa. Wani kamfanin sai ya karɓi kuɗin amma ya ce ban da wannan ciwon, wani kuma ya ƙi shi gaba ɗaya.

Ba zan ce kamfanonin nan ba su da hujja ba. Lissafi suke yi. Mai shekara saba'in da ciwon zuciya ya fi mai shekara ashirin kusa da gadon asibiti, asibitin Turai kuwa ba a kwana cikinsa da araha. Tafiya kanta tana jijjiga tsoho. A aikin Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka ba da sanarwar rasuwar mutum 1,301, a cikinsu har da tsofaffi da masu daɗaɗɗen ciwo. Saboda haka haɗarin na gaske ne.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar tsoho shi kaɗai da wannan nauyi. Ba shi ya sayo wa kansa tsufa ba. Ƙarfinsa ya ƙare wajen noma da kasuwa da biya mana kuɗin makaranta, sa'an nan lokacin da hannunsa ya yi sanyi, lokacin ne ake neman ya biya fiye da kowa. Shi ya sa waɗansu suke ɓoye ciwonsu wajen cika takarda don kuɗin ya sauko, wani lokaci ma 'ya'yansu ne suke ba su shawarar haka. Wannan babban kuskure ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da tsoho ya faɗi a ƙasar mutane, likita zai gane ciwon ya daɗe, kamfani kuma yana da ikon ƙin biya. Ka ga an yi biyu babu, ga asarar kuɗin inshora, ga bashin asibiti da zai iya cinye gona da gida.

A ganina maganin yana hannun mutane uku. Na farko mu 'ya'ya da jikoki. In an tashi haɗa wa Baba ko Kaka kuɗin jirgi da guzuri, a sa kuɗin inshora na gaskiya cikin lissafi tun farko, a raba shi tsakanin 'yan'uwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu da muka iya karatu kuwa, aikinmu ne mu zauna mu karanta musu takardar nan layi-layi, mu tambaya ko ciwon da suke da shi yana ciki, kafin a sa hannu.

Na biyu kamfanonin takaful, watau inshorar da aka gina bisa taimakon juna kamar yadda Musulunci ya yarda. A Sudan aka fara kafa irin wannan kamfani a 1979, a Nijeriya kuma hukumar inshora ta ƙasa ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. Tun da asalinsa taimakon juna ne, ya kamata su buɗe asusu na matafiya, inda mai ƙarfi zai ƙara ɗan abu kaɗan don a rage wa mai rauni. Saurayin yau ai shi ne tsohon gobe, in Allah ya ja kwana.

Na uku hukuma. A Ingila, tun 2021 aka wajabta wa kamfanin da ya ƙi mai ciwo, ko ya tsawwala masa kuɗi saboda ciwon, ya nuna masa jerin waɗansu kamfanonin da suka ƙware a kan irin matsalarsa. Wannan ba ya cin kuɗi mai yawa, mu ma za mu iya.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu, don Allah kada ku ɓoye wa takarda abin da ba za ku iya ɓoye wa likita ba. Mu kuma yara, in mun girma mun fara samu, kada mu bari tsohonmu ya zaɓi tsakanin faɗin gaskiya da fasa tafiya. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya kai su inda za su, ya dawo mana da su lafiya, amin.