Sarƙar keke a kan hanyoyin Magarya da Dungas

Duk wanda ya san kudancin jahar Damagaram ya san kwalta ba ta da yawa a can. Akwai wadda ta taso daga birnin Zinder ta ratsa Bande ta shiga Magarya, sannan ta nufi iyakar Nijeriya ta wajen Tinkim. Da mutum ya sauka daga kanta ya nufi ƙauyuka, sai jar ƙasa in an yi sa'a, galibi kuwa rairayi da turbar amalanke. Bisa ƙidayar 2012, jama'ar gundumar Magarya sun zarce dubu 570, na Dungas kuma, wadda aka cire daga jikinta a 2011, sun zarce dubu 350. Ƙauyuka a jere suke, kasuwanni kusa da kusa, kuma duk da yaɗuwar babur, bai kori keke ba. Mai fito da rake daga fadamun Korama, ɗan makarantar da kwalejinsa ke wani gari, ɗan kolin da ke bin kasuwa-kasuwa, mai ƙetara iyaka zuwa Maigatari ranar alhamis, dukansu abincinsu ko karatunsu na rataye ne ga wani siririn ƙarfe da ba a duban sa sai ranar da ya tsinke.

Masu keke da dama na tafe da famfo, wasu har da faci da gam, domin tsidau da ƙayar aduwa sun daɗe da koya masu hankali. Amma da wuya a ga wanda ya tanadi wani abu saboda sarƙa. Alhali kuwa taya in tana sacewa ana iya lallaɓawa, a buga iska a ƙara gaba har a kai ga mai faci. Sarƙa in ta tsinke, keken da ke ɗauke da mutum ya koma kayan da mutum zai tura, ga damin rake ko buhun gero a kan kariya, ga rairayi, ga rana. Kafin ya isa kasuwa ta watse, manyan masu saye sun loda motocinsu sun tafi, sai ya sayar yadda aka taya.

Sarƙar da ake gani a yau, siffarta ta samo asali ne daga wadda Hans Renold, wani mutumin ƙasar Suwis, ya ƙirƙiro a Ingila a 1880, shekaru biyar kafin a fito da keke mai ƙafafu biyu daidai da juna wanda sarƙa ke juya ƙafarsa ta baya. Tsakanin ƙusa da ƙusa akwai milimita 12,7, ko keken Raleigh ne, ko Phoenix na ƙasar Sin, ko Hero na Indiya. Mutane kan ce sarƙa ta miƙe, amma ƙarfen ba miƙewa yake yi ba. Ƙusoshin da ke riƙe da gaɓoɓin ne ke cinyewa, kowace ta ba da ɗan sarari, har ya taru ya yi yawa. Gaɓa 20 na sabuwar sarƙa santimita 25,4 ne. In an auna aka tarar sun kusa 25,7, ta gama aiki. Wanda ba shi da ma'auni sai ya kama ta da yatsu a gaban babban faifan haƙora ya ja: in ta ɗago har haƙori ya bayyana, magana ɗaya ce.

Abin da ke cinye ta a wannan yanki sananne ne. Rairayi ne da mai. Al'adar da ta zama ruwan dare ita ce a samo baƙin mai daga wurin bakanike a kwarara mata har ya riƙa ɗiga, mai keke ya ga ya yi mata gata. Man nan ya riga ya ƙone, da gurɓin ƙarfe a cikinsa, kuma da iskar hunturu ta taso sai ƙura ta manne masa, su haɗu su zama tamkar dutsen wasa wuƙa a cikin kowace gaɓa. Da damina kuma laka da ruwan fadama su kawo tsatsa. Abin da ya fi shi ne a wanke ta da kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga mai mai tsabta ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, sannan a goge na waje da tsumma. Aiki ne na safiyar juma'a, bai fi tsawon dahuwar shayi ba.

Tsofaffin kekunan Raleigh, irin waɗanda masana'antar kamfanin ta harhaɗa a Kano, sukan zo da ƴar jakar fata a rataye bayan sirdi. Wannan jaka ce ta ɓace, ita ce kuma ya kamata a maido, ko da tsohuwar safa ce aka ɗaure da roba. Farkon abin da zai shiga cikinta shi ne guntun sarƙa mai gaɓa huɗu ko shida, da makullinta guda biyu. Dalili kuwa, keke marar giya ba ya yarda a rage masa sarƙa yadda aka ga dama: in an cire gaɓa biyu, tilas ƙafar baya ta matso gaba fiye da santimita guda, sau da yawa kuma babu wurin. Sai an cike gurbin abin da ya karye. Kuma a lura da faɗi. Kekunan gwanjo masu giya da suka shigo daga Turai sarƙarsu ta fi siriri. Makullin baƙin keke ba ya yi masu, ko da ya shiga zai riƙa kamawa. A saya guntun tun a gari, keken na tsaye a gaban mai shago.

Bayan wannan sai sifana, wadda ƴan lakkol ke kira kile, mai lamba 15 domin notin ƙafar baya, da ƙarama domin notocin da ke ja da sassauta sarƙa, da filaya, da tsumma. Sai ƙusa guda da aka dakushe bakinta, da babban noti. Ana aza gaɓar da ta lalace bisa notin, ƙusar sarƙa daidai da raminsa, a ɗora ƙusar nan a buga a hankali. In za a sake haɗawa da ita, kada a fitar da ita gaba ɗaya, domin mayar da ita wahala ce. A nan ne fa mutanen wannan yanki ke da wata matsala da littattafan Turawa ba su san da ita ba: suna cewa a ɗauki dutse a buga, alhali tsakanin Dungas da Gushi mutum na iya tafiya mai nisa bai ga dutsen da zai cika tafin hannu ba. Saboda haka ƴar guduma ba ƙawa ba ce, ko kuwa ƙaramar na'urar nan mai murɗawa da ke tura ƙusa ba tare da bugu ba, ga wanda ya same ta. Wajen sa makulli, rufaffen bakinsa ya fuskanci inda sarƙa ke tafiya, in ba haka ba ya fice. A bar mata sassauci kamar santimita guda a tsakiya; in ta yi tauri ta ci haƙora, in ta yi sako-sako ta sauka a gangare.

Akwai kuma batun kuɗi. Kayan keke daga waje suke zuwa, yawanci ta kasuwannin Nijeriya, farashinsu kuwa na bin abin da ya samu kuɗi da iyaka. An ga haka a watan janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi. An sake gani da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga agustan 2019 zuwa disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga yulin 2023. Wanda ya bar sarƙa ta ƙare ƙarƙaf ba ita kaɗai zai saya ba, domin tsohuwar sarƙa na feƙe haƙoran gaba da na baya, sabuwa kuma ba ta zama a kan haƙoran da suka cinye, tsalle za ta riƙa yi. Ƴan dalolin da aka ƙi kashewa a kan lokaci sai su zama jikkuna.

Ya kamata ƙungiyoyi da ayyukan raya karkara da ke raba kekuna ga ɗalibai ko ma'aikatan lafiya na ƙauyuka su dubi wannan. Bikin miƙa keke na da kyan gani a hoto, amma in ba a haɗa da jakar kayan aiki da yini guda na horo wurin mai gyaran garin ba, bayan damina biyu za a tarar da kekunan jingine a zaure. Masu gyaran Magarya da Dungas sun iya aikin, da guntayen sarƙa tuli a akwatunansu. Sai dai suna bakin kasuwa ne da tasha, kuma yawancinsu da magariba suke tashi.