Kiwon Lafiyar Iyali: Ba Kowace Mace Ce Za Ta Sha Shayin Wutsiyar Doki Ba

 A wannan watan za mu duba wani ganye da ake tallarsa a shagunan kayan gyaran jiki da kuma intanet, a matsayin maganin zubar gashi da karyewar farce. A jikin kwalinsa za ki ga an rubuta Horsetail, wato wutsiyar doki, Larabawa kuma suna ce masa zanabul khail. Yana zuwa a shayi, ko kafso, ko a cikin man gashi.

Wannan tsiro na ƙasashen sanyi ne, yana fitowa a wurare masu damshi a Turai da Arewacin Amurka da Asiya. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya, kuma siraran rassansa ne suka sa ya yi kama da wutsiyar doki. Yana ƙunshe da silika mai yawa, wato sinadarin da ke cikin yashi, har ma matan Turai na da can da shi suke goge tukwane saboda kaushinsa. Wannan silikar ce masu talla suka riƙe, suna cewa tana ƙarfafa gashi da ƙashi. To amma hujjar hakan a jikin ɗan Adam ba ta da ƙarfi.

Aikin da aka fi saninsa da shi shi ne sa fitsari. A shekarar 2014 an wallafa wani gwaji da aka yi a Barazil a kan maza 36 masu lafiya, inda aka ga ya sa su fitsari kusan daidai da wata ƙwayar asibiti da ake ba masu hawan jini. Ki lura, maza ne, lafiyarsu ƙalau, kuma na 'yan kwanaki ne kawai. Hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da shi a matsayin maganin gargajiya don wanke mafitsara idan matsalar ƙarama ce, amma ba ta ba da shawarar mai ciki, ko mai shayarwa, ko yaron da bai kai shekara 12 ba su sha.

To a nan gizo ke saƙar. Wace ce ta fi damuwa da zubar gashi? Mai jego. Wata uku ko huɗu bayan haihuwa sai ta ga gashi cike da matsefi, hankalinta ya tashi, ƙawa ta ce ga shayi. Alhali wannan zubar daga sauyin sinadaran jiki ne bayan haihuwa, kuma yawanci kafin yaro ya shekara gashin ya dawo da kansa. In ya ƙi tsayawa, a je a auna jini, domin ƙarancin jini na kawo haka. A kuma sassauta kitso, don wani gashin goshin ba ciwo ne ya cinye shi ba, hannun makitsiya ne.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne mai ciki ta sha don kumburin ƙafa. Kumburi a ciki, musamman in ya haɗa da fuska da hannu, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, yana iya zama alamar hawan jinin da ke kai mace ga jijjiga. Wannan awo yake buƙata a ranar, ba shayi ba. Haka mai kumburi saboda ciwon zuciya ko ƙoda, ita ma ba nata ba ne.

Akwai kuma wani sinadari a cikinsa mai lalata bitamin B1, shi ya sa dokin da ya daɗe yana cinsa a cikin harawa yake rama yana tangaɗi. Saboda haka wasu kamfanoni kan rubuta a kwali cewa sun cire shi. Sannan yana da ɗan uwa mai fitowa a fadama wanda ke da guba, kuma in an busar an daka ba mai iya bambance su da ido. Don haka garin da aka ƙulla a leda ba suna ba adireshi, ni dai ba zan ba 'yata ba.

Wadda ba ta cikin waɗannan rukunai kuma tana son gwadawa, ta sayi mai lambar hukumar magunguna, ta sha ruwa sosai, kada ta zarce 'yan makonni. Idan kina kan maganin hawan jini, ko na suga, ko wata ƙwayar sa fitsari, ɗauki kwalin ki nuna wa likitanki kafin ki ɗora ruwan zafi. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.