Tseren Tsibirin Man: Haɗarin da Mutum Ya Zaɓa da Wanda Aka Ɗora Masa

A ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Yuni na kowace shekara, hukumomin Tsibirin Man, wanda ke tsakiyar teku tsakanin Ingila da Ayalan, sukan rufe titunan da jama'a ke bi kullum, su miƙa su ga masu tseren babura. Zagaye ɗaya ya kai kilomita 60.7, da kwanoni fiye da 200, yana ratsa ƙauyuka, yana goga bangon dutse da ƙofofin gidaje, sannan ya haura dutsen Snaefell. An fara gasar, wadda aka fi sani da TT, a 1907, saboda dokar Birtaniya ta hana tsere a titunan jama'a, ita kuwa majalisar tsibirin, Tynwald, ta ba da damar rufe hanya. Charlie Collier, wanda ya ci ɗaya daga cikin tseren farko a kan babur ƙirar Matchless, gudunsa bai wuce kilomita 61 a awa ba. A 2023 Peter Hickman ya zaga hanyar dutsen da matsakaicin gudun kilomita 219 a awa. Babura sun sauya matuƙa, bangon kuwa yana nan inda yake. Tun 1911 mahaya sama da 260 ne suka rasa rayukansu a wannan hanya.

Duk lokacin da aka yi rashi, sai muhawara ta rabu gida biyu: masu cewa a haramta gasar, da masu cewa kowane mahayi ya san abin da ya tunkara. Ɓangarorin biyu sukan manta cewa an riga an yanke hukunci mafi ma'ana a kan wannan batu tun shekarun 1970, kuma hukuncin bai bi ko ɗaya daga cikinsu ba.

Daga 1949 zuwa 1976, TT zango ne na gasar cin kambun duniya. Ma'ana, wanda ke neman kambu, ko yake da kwantiragi da kamfanin ƙera babura, akwai maki a tsibirin da zai yi masa wuya ya bar wa abokin hamayya. Abin da ya kai Gilberto Parlotti can ke nan a 1972. Ɗan Italiyan yana kan gaba a rukunin 125cc, babban abokin takararsa Ángel Nieto na Sifen ba ya zuwa tsibirin, don haka ya ga damar ƙara tazara, alhali bai taɓa yin tsere a hanyar ba. Ranar 9 ga Yuni aka saki mahaya cikin ruwan sama da hazo. A zagaye na biyu, yana jan ragamar tseren, ya faɗi a saman dutse, ya rasu.

Amininsa Giacomo Agostini, wanda ya ci TT sau goma, ya kammala tseren da ya rage masa a ranar, ya yi nasara, sannan ya bayyana cewa ba zai sake yin gasa a can ba. Ba matsoraci ne ya faɗi haka ba, mutum ne da ya tara kambun duniya 15 kafin ya yi ritaya, shi ya sa maganar ta yi nauyi. Phil Read da wasu manya suka bi sahunsa. Hukumar tseren babura ta duniya, FIM, ta yi ta jan ƙafa har shekara huɗu, kafin ta cire tsibirin daga jadawali. A 1977 zangon Birtaniya ya koma filin Silverstone.

Abin lura shi ne ba a rufe TT ba. An dai cire maki daga cikinta, kuma da wannan aka cire tilas. Wanda ya je tsibirin bayan 1976 ya je ne don yana so, babu kambun da zai kuɓuce masa idan ya zauna a gida. Read da kansa ya koma a 1977, Mike Hailwood ya dawo daga ritaya a 1978 ya yi nasara a kan Ducati. (Hailwood, da ya tsallake duk waɗannan kwanoni, a titin gari ya rasu a 1981 tare da 'yarsa, sa'ad da motarsu ta yi karo da wata babbar mota.) Hujjar cewa mahayi ya yarda da haɗari ba ta da ƙarfi kafin wannan sauyi, domin yardar da ake saye da albashi da maki, rabin yarda ce.

Filayen da aka gina musamman don tsere ma ba su fi tsibirin imani ba a wancan zamani. A Monza, ranar 20 ga Mayun 1973, Renzo Pasolini ya faɗi a babbar kwanar farko, shingen ƙarfen da aka kafa don tare motoci ya dawo da ɓaraguzan cikin hanya, mahaya fiye da goma suka afka. Pasolini ya mutu, haka ma Jarno Saarinen na Finlan, mai riƙe da kambun 250cc. Makonni kaɗan bayan haka wasu mahaya uku suka mutu a wannan kwanar dai. Shingen da ke ceton direban mota, shi ke kashe mai babur, kuma masu filin sun san haka. A 1974 manyan mahaya suka ƙaurace wa gasar Jamus a Nürburgring saboda an ƙi rufe shingayen da isassun ƙunshin busasshiyar ciyawa. Aka sake yin irin haka a Ostiriya a 1977, a Beljiyam a 1979, a Faransa a 1982. Asibitin tafi-da-gidanka na Dakta Claudio Costa, da ke bin gasar duk inda ta je, ya fara aiki a 1977.

Babu ɗaya daga cikin gyare-gyaren nan da ya samo asali daga teburin jami'i. Mahaya ne suka ajiye babura, masu shirya gasa suka ga kujerun 'yan kallo za su zama fanko, sannan aka ja bango baya, aka shimfiɗa tsakuwa a bakin kwana. Ko a baya-bayan nan salon bai sauya sosai ba: sai da Daijiro Kato ya rasu a Suzuka a 2003 aka daina kai gasar filin, sai da matasa uku suka mutu a 2021 aka ɗaga shekarun shiga gasar duniya zuwa 18. Rigar fata mai jakar iska ta zama wajibi a 2018, abin a yaba ne, amma ba ta da amfani idan abin da ke gaban mahayi turken fitila ne.

Wannan ne ya sa masu kare TT ke da gaskiya, amma gaskiyar tana da iyaka. Iyalin Dunlop na Arewacin Ayalan sun binne Joey a 2000, Robert a 2008, William a 2018, duk a tseren tituna, duk da haka Michael ya ci gaba har ya zarce nasarori 26 na baffansa Joey a 2024. Ba wanda zai ce irin wannan mutum bai san abin da yake yi ba, kuma hana shi zai zama raina hankalinsa. Sai dai yardarsa ta tsaya ne a kan gudu da bango. Ba ta shafi sakin tsere cikin hazo ba, ko jinkirin jirgin ceto, ko barin sabon shiga ya hau hanyar da bai haddace ba. Waɗannan nauyi ne na gwamnatin tsibirin, wadda ita ce mai tallata gasar, ita ce kuma ke cin ribar dubban baƙin da ke cika masaukai a makonni biyun.

A 2022 mutum shida suka mutu sakamakon gasar. Huɗu daga cikinsu masu babur mai akwati a gefe ne: Faransawa biyu, César Chanal da Olivier Lavorel, sai Roger Stockton da ɗansa Bradley. Da farko an sanar da cewa Lavorel ne ya rasu, sai bayan kwana huɗu aka gano gawar Chanal ce, shi kuwa Lavorel ya cika bayan wasu watanni. Haɗurran biyu sun auku ne a wuri ɗaya, wani tudu da ke kusa da mafarin tsere, wanda tun tuni aka raɗa wa suna Ago's Leap don girmama Agostini.