Wa Ya Ce Ɗan Ƙauye Ba Shi Da Kai?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata na ƙasar Magarya da Dungas, akwai wata magana da ta kamata mu kashe. In yaro ya tafi jami'a ya faɗi jarrabawa, sai ka ji an ce: "Ai ba shi da kai." Wani ya ce: "Karatu na ƴan birni ne." Wani kuma ya ce: "Hannu aka sa masa." Wannan magana ƙarya ce, kuma tana cin dukiyarmu. Uban da ya sayar da riɗi da gujiya, uwar da ta sayar da akuyarta don ɗansu ya zauna a Damagaram, sun cancanci a gaya musu gaskiya.

Can da, mai neman jami'a sai ya tafi Yamai. Tun 2010 aka kafa jami'a a Damagaram, wadda yau take ɗauke da sunan Andre Salifu, masanin tarihin Damagaram. Ɗan Washa ko ɗan Bande ko ƴar Dogo-Dogo da ya ci bak, ga jami'a kusa da gida. Ita ma jami'ar Yamai sunan wa aka sa mata? Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya shahara kan ilimin amfani da hasken rana. Tasawa ba Faransa ba ce. Hatsin da muke ci a nan shi ake ci can.

To, me yake kayar da yaranmu? Ku fara sanin yadda aikin yake. A jami'a ana raba shekara gida biyu, kowane rabi da jarrabawarsa. Ana ba da maki a kan 20, ana son ɗalibi ya kai 10. Takardar farko, wato lisansi, shekara 3 ce. A lise mushe yana bin yaro, yana duba kayensa, yana kiran suna. A jami'a malami yakan shigo babban zaure, ya yi darasi da Faransanci, ya fita. Babu mai cewa yaro ya buɗe littafi. Nan ne da yawa suke sakin jiki. Su tara takardu wata uku ba su duba ba. In jarrabawa ta rage kwana biyu, sai a dafa shayi mai ƙarfi, a kwana ana haddar dole. Da safe a shiga da ido ja da kai mai nauyi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku manoma ne, ku yi hukunci. Mutumin da ya bar gonarsa ba noman fari ba maimai, ya zo ranar girbi ya ce zai yi aikin damina duka a dare ɗaya, me za ku kira shi? Za ku ce gonar ce ba ta da kyau?

Dabarar riƙe karatu tana nan cikin garuruwanmu tun kaka da kakanni. Ku dubi tsangaya. Almajiri ba ya wanke allo sai ya kawo karatunsa da ka a gaban malam. Bayan ya wanke ma bai rabu da shi ba, yana komawa baya yana tilawa, da asuba da dare. Gardi kuwa yakan rubuta daga kansa, sannan a duba masa inda ya ɓata. Kaɗan-kaɗan, kullum, kuma da gwada kai. Da haka ƴaƴan talakawa suke haddace izu 60.

Masana na duniya sun bincika, sun iske abu ɗaya. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi ƙarfi a awowin farko bayan an koyi abu, kuma bitar da aka raba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara wuri ɗaya. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada ɗalibai. Waɗansu suka yi ta maimaita karanta shafi. Waɗansu suka rufe shafin suka rubuta abin da suka tuna. Bayan mako ɗaya, masu rufe shafi sun fi tunawa.

Saboda haka ga abin da za ku gaya wa ɗanku, ko da ba ku jin Faransanci. Ya shiga darasi kullum, ya rubuta da hannunsa. Ya duba darasin yau tun yau, kafin ya kwanta. Ya sake duba shi bayan kwana biyu ko uku, ya kuma duba bayan mako. In ya karanta, ya rufe kaye ya faɗi abin da ke ciki, don ido yana ruɗin mutum ya zaci ya iya. Ya nemi abokai uku ko huɗu masu himma, su riƙa yi wa juna tambayoyi. Abin da ya shige masa duhu ya tambaya, matambayi ba ya ɓata. Ya ajiye salula lokacin bita. Daren jarrabawa kuma ya yi barci.

Wani zai ce: "Malam, yunwa fa? Kuɗin ɗalibai da ke makara fa? Yajin aiki da cunkoson zaure fa?" Gaskiya ne, waɗannan duk suna cutar da karatu, kuma haƙƙin hukuma ne ta gyara, mu kuma mu yi ta faɗa. Amma yaro biyu sukan kwana ɗaki ɗaya, su ci kwano ɗaya, ɗaya ya wuce ɗaya ya maimaita shekara. Sau da yawa bambancinsu shi ne awa biyun nan na kowane dare.

Wani kuma zai ce addu'a ta isa. Mu yi addu'a dare da rana, ba mai hanawa. Sai dai wa ya taɓa roƙon ruwa ya bar iri cikin rumbu? A shuka, a roƙi Allah albarka.

Mu iyaye ma muna da namu laifi. Muna kiran yaro gida don kowane suna da kowane biki, ya rasa darasin mako guda. Muna matsa wa yarinya da maganar aure tana tsakiyar jarrabawa. In sun zo hutu muna tambayarsu abin da suka kawo, ba mu tambayar abin da suka koya. Ku da kuke zuwa ajin yaƙi da jahilci, kun san yadda baƙi yake gudu in an kwana uku ba a duba shi ba. Kun kuma san yadda yake zama in ana bita. Da furfura kuka koyi rubuta sunanku, bayan an sha ce muku kan tsoho ba ya ɗaukar karatu.

Don haka in ɗanku ya zo gida, ku zaunar da shi a tabarma. Ku ce ya rufe littafi ya bayyana muku darasi ɗaya da Hausa. In kun gane, ya iya. In ya yi ta kame-kame, ya koma ya sake bita. Wanda kuma ya ce muku ɗanku ba shi da kai, ku tambaye shi ko ya taɓa ƙirga daren da yaron ya zauna da littafinsa.