Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Ina Ɗanka Zai Dosa Bayan Lakwal?

Ƴan uwa mazauna bakin iyaka, daga Birnin Ƙonni zuwa Madarunfa da Ɗan Issa, daga Matamai zuwa Magarya.

Kai mai karanta wannan takarda, da ke da ake karanta miki ita a tsakar gida, ga tambaya: yaushe rabonka da shiga lakwal ɗin da ɗanka yake? Ban da ranar da aka aiko neman kuɗin COGES, ban da ranar da yaro ya yi faɗa aka ce ya zo da ubansa. Muna nufin ranar da ka je don kanka, ka gaida mushe, ka ce masa: “Malam, yaron nan nawa yana ganewa kuwa?” In za mu faɗi gaskiya, da yawanmu ba mu taɓa yi ba. Mukan miƙa yaro yana ɗan shekara shida ko bakwai, mu juya baya, sai bayan shekara goma mu zo jin sakamako.

Shekara goma ba wasa ba ce. Shida a firamare, daga CI zuwa CM2, huɗu a kwalej kafin jarrabawar BEPC, in yaro bai maimaita aji ba ke nan. A cikinsu ka sayi kaye da bik, ka ɗinka tufafi, ka ba da kuɗin kalaci, ka haƙura da hannun da zai taya ka noma. Ranar da aka kira sunaye, wani gida a yi guɗa, wani gida a yi shiru. Amma bayan kwana biyu, wanda ya ci da wanda ya faɗi duk tambaya ɗaya ke jiran su: yanzu kuma sai ina?

Mu da ke bakin iyaka mun san amsar da yaranmu suka saba bayarwa. Wani ya ɗauki kabu-kabu. Wani ya jera kwalaben mai a bakin hanya. Wani ya shiga fiton kaya ta barauniyar hanya da dare. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta na 2019, mun ga yadda wannan abinci yake: shawara ɗaya aka yanke a Abuja, samari da yawa suka wayi gari ba aikin yi. Waɗansu kuma sun nufi arewa, Jado wajen zinariya, ko Libiya, ko Aljeriya. Mutanen Kance ba su manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawa mata da ƙananan yara. Ba mu raina neman halal na kowa. Amma yaron da ya yi shekara goma a kan benci ya cancanci ya samu zaɓin da ya fi wannan.

Laifin wa? Na masu mulki yana nan, kuma ba za mu rufe shi ba. An yi mana alkawarin karatu kyauta kuma dole har yaro ya kai shekara 16. Ku duba garinku ku gani. Aji nawa ne na zana? Ajin zana ba ya tsayawa sai an gama girbi an samu kara, kuma ruwan farko na damina ke rufe shi. Ana cewa karatu daga Oktoba zuwa Yuni, amma yaron ajin zana yana asarar farkon shekara da ƙarshenta. Malaman kwantaragi, waɗanda su ne ke riƙe da yawancin azuzuwan karkara, sukan yi jiran ɗan abin da ake biyan su har su shiga yajin aiki. A 2017 an yi musu jarrabawar tantancewa, aka sallami da dama; to wa ya ɗauke su aiki tun farko ba tare da isasshen horo ba? A 2020 kuma cutar korona ta rufe makarantu daga watan Maris har farkon Yuni. Yaron da aka yi wa wannan yankan ƙauna shekara bayan shekara, ba mamaki ya kai CM2 bai iya karanta wasiƙa ba.

Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai kujerar da doka ta ba iyaye a cikin makaranta, kuma a garuruwa da yawa mun bar ta ba kowa. Kowace makaranta tana da kwamitin gudanarwa, wanda muka saba kira COGES, a takarda kuma CGDES. Akwai ƙungiyar iyayen ɗalibai, akwai ta uwaye mata. Tun 2004 aka fara ƙarfafa wannan tsari a jahar Tawa da taimakon ƙasar Japan, daga baya ya game ƙasa. Yadda aka tsara shi, mutanen gari ne ke taruwa su zaɓi wakilansu ta hanyar ƙuri'a, su zauna su faɗi abin da makaranta ke buƙata a shekara, su amince da abin da kowane gida zai bayar, sannan a dawo gabansu a karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe. Idan a garinku shugaban kwamiti naɗa shi aka yi, ko ya shekara da shekaru ba a sake zaɓe ba, ko ba a taɓa karanta muku lissafi ba, ku sani an tauye muku haƙƙi. Jikka ɗaya da ka bayar ta ba ka bakin tambaya.

Kada ka ce ba ka yi boko ba. Ba sai ka iya Faransanci ba kafin ka san ko mushe ya zo aiki ranar Litinin. Ba sai ka iya rubutu ba kafin ka buɗe kayen yaro ka ga ko shafin yau ya cika. Ga abin da kowane uba da kowace uwa za su iya yi tun wannan shekara.

Na farko, takardar haihuwa. Yara da yawa sai lokacin haɗa takardun jarrabawa ake gano ba su da ita, sai a shiga guje-guje tsakanin ofishin magajin gari da gidan shari'a. Ka nemi ta ɗanka tun yana ƙaramin aji.

Na biyu, ka ga malamin ɗanka ko da sau uku a shekara, duk lokacin da aka ba da sakamakon zango. Malamin da ya san uban yaro zai zo, yakan ƙara sa ido a kan yaron. Malamin da aka turo garinku daga nesa kuma baƙonku ne: ku sama masa masauki, ku riƙe shi da mutunci, ku kuma tambaye shi in ya yi fashi.

Na uku, ranar kasuwa da lokacin girbi. Mun san talauci, mun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma yaron da ke fashin kwana ɗaya kowane mako ya yi asarar fiye da wata guda a shekara. Gari zai iya zama ya yi yarjejeniya a kan wannan, kamar yadda ake yi a kan sakin dabbobi bayan girbi.

Na huɗu, ƴaƴa mata. Tun Disamba na 2017 akwai dokar gwamnati ta kare karatun yarinya, amma takarda ba ta raka yarinya kwalej. Abin da ke sa iyaye da yawa su cire ɗiyarsu bayan CM2 shi ne kwalej na wani gari, kuma ba su san hannun da za ta zauna ba. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma aikin ƙungiyar uwaye ke nan: a san gidan da yaran garinku za su sauka, a riƙa kai musu ziyara da hatsi. Kowa na son matarsa ta samu ungozoma mace a gidan likita. Daga gidan wa za ta fito?

Na biyar, shi ne babba: ka zauna da ɗanka ku yi maganar gobe tun yana aji biyu ko uku na kwalej. Lise da jarrabawar BAC da jami'a hanya ce, kuma yau akwai jami'a a Maradi da Damagaram da Tawa. Amma akwai waɗansu hanyoyin. Akwai lisen fasaha ta Ɗan Kasawa a Maradi. Akwai makarantar aikin lafiya a Damagaram, da ta aikin gona da kiwo a Kollo, da makarantun horar da malamai. Wanda karatu bai yi masa nisa ba, akwai cibiyoyin koyon sana'a, CFM, inda ake koyar da ɗinki da walda da kafinta da gyaran babur. Ka tambayi daraktan makaranta sharuɗɗan shiga kowace tun da wuri. Lokacin babban hutu kuma, ka kai yaro wajen mai sana'a na gari ya koyi aikin hannu. Yaron bakin iyaka da ya iya karatu da lissafi, yana jin Faransanci, ya san canjin sefa da naira, ga sana'a a hannu, ko an rufe iyaka ko an buɗe ba zai rasa abin yi ba.

Yanzu mu zo ga ƙuri'a. A 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na kula da makarantun firamare, na sakandare kuma ga majalisun jahohi. An miƙa aiki, kuɗin bai biyo baya yadda ya kamata ba. Ke nan kansilan da aka zaɓa ranar 13 ga Disamba na 2020 ya samu hannu a rufin ajin ɗanka, ɗan majalisar da aka zaɓa ranar 27 ga Disamba na 2020 kuma shi ya ɗaga hannu a kan kasafin kuɗin ilimi. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanka, har da namu, kada ka sallame shi sai ya amsa maka: aji nawa ne na zana a ƙaramar hukumarmu, nawa za ka mayar na siminti, cikin shekara nawa? Cibiyar koyon sana'armu tana da kayan aiki da malamai? Me za ka yi wa yaran ƙauye da ke zaman kwalej a birni? Sa'annan ka tambaye shi a wace makaranta nasa ƴaƴan suke. Wanda ya kasa amsa, ya miƙo maka turmin atamfa ko sabulu, ka tuna sabulu ba ya kai wata, kujerar kuwa shekara biyar ce. Yaron da ke CM2 yau, kafin wa'adin ya cika ya riga ya zauna BEPC.

Mu ƴan adawa muna neman ƙuri'arka, ba mu ɓoye ba. Amma ko wa ya ci zaɓe, yaron naka ne. Wannan makon ka tambayi ranar taron iyaye na gaba. In an ce ba a sa rana ba, ku haɗu ku biyar ko goma ku je wajen darakta da maigari a sa. Ku tafi da matanku, ku zauna a gaba, ku nemi a karanta lissafi.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani da sana'a mai albarka, ya sa a yi zaɓe lafiya. Amin.