Wa zai rubuta kakar Raccah Rovers?

A hutun da na yi a Gwiwa, na tarar da samari suna gardama a kan ƙungiyar da ta ci kofin unguwanni shekaru biyar da suka wuce. Babu mai takarda a hannu, kowa sai rantsuwa.

Nan take na tuna da Celtic ta Sikotilan. Kakarta ta 1908 zuwa 1909 tana nan a rubuce: ta lashe gasar ƙasar, ta kara da Rangers a wasan ƙarshe na kofi aka tashi 2-2, aka sake aka tashi 1-1, 'yan kallo suka ta da tarzoma a filin Hampden, hukuma ta hana kofin ɗungurungum. Har sunayen waɗanda suka zura ƙwallo an adana.

Mu kuwa, Raccah Rovers ta Kano ta ɗauki gasar Najeriya a 1978, amma da na tambayi ɗalibaina, ko ɗaya bai taɓa jin sunanta ba. Laifin namu ne, malaman jami'a, da muka raina ƙwallo a fagen bincike. Bana na ɗora wa ɗalibai biyu aikin nemo dattawan da suka ga wannan kaka, su naɗi muryoyinsu tun suna raye.